Kayan sallar marayu: sabo kaɗan ko gwanjo da yawa?

Sakataren Kwamiti:
Assalamu alaikum jama'a. Rajab ya kama, lokacin da kwamitocin marayu na unguwanni suke fara karo-karon kayan sallah. Abin da yake raba kan 'yan kwamiti kowace shekara shi ne kuɗin ba ya isar kowa. A ɗauka yara 120 ne a rajista. In sabo za a ɗinka, ƙila kuɗin ya tsaya a kan yara 80. In kuma dilar gwanjo za a fasa, kowa zai samu har da ragi. Wanne ya fi? In kuma sabon ne, yaya ake tsara shi tun daga sayen yadi har ya hau jikin yaro ba a tozarta kowa ba? Akwai teloli da 'yan kasuwa da malamai a zauren nan, don Allah kowa ya kawo abin da ya sani dalla-dalla.

Mai Dila:
Wa alaikumus salam Malam Sakatare. Gwanjo ya rufa wa mutane da yawa asiri a ƙasar nan, ba mai musun wannan, amma dila ba kayan sallah ba ce. A ɗaure ake sayenta, nauyinta galibi kilo 45 zuwa 55, ba ka sanin cikinta sai ka yanke ɗaurin. Ko lamba ɗaya ka saya, ɗinkin wata ƙasa ne zai fito: gajeren wando, riga mara hannu, siket iya gwiwa, riga mai rubutun da ba a san ma'anarsa ba. Kaftani ko riga da zani ba sa fitowa a dila. Sannan girman kayan ba ya bin rajistarku. Ƙila ku tashi da tulin kayan 'yan shekara uku alhali yawancin yaranku 'yan goma ne.

Inda gwanjo ya yi zarra shi ne rigar sanyi da jaket da bargo da wandon aiki. A hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, rigar sanyi ta gwanjo mai kyau ta fi sabuwar roba mai araha ɗumi da ƙarko. To a ajiye gwanjo ga rabon hunturu. Ranar idi kuwa, yaron da ya fito da rigar ƙwallo cikin sa'o'insa masu shadda kowa ya san daga ina ya fito.

Malam Mai Darasu:
Allah ya saka da alheri Alhaji, ka faɗi gaskiya a kan sana'arka. Aya ta 267 a Suratul Baƙara ta hana mu nufar mummunan abu mu bayar, irin wanda mu da kanmu ba za mu karɓa ba sai mun runtse ido. Wannan bai haramta bayar da tufar da aka taɓa sawa ba matuƙar tana da kyau; abin da ya hana shi ne mutum ya share ɗakinsa daga tsummoki ya kira shi sadaka. Ma'aunin mai sauƙi ne: za ka sa wa ɗanka wannan ya tafi idi?

Akwai ƙofar da kwamitoci suke mantawa. Kaffarar rantsuwa a aya ta 89 ta Ma'ida ta haɗa da tufatar da miskinai goma, kuma a wurin Imamu Malik ana ba namiji tufa ɗaya, mace kuma riga da mayafi, gwargwadon abin da za a yi salla da shi. In aka sanar a masallaci cewa kwamiti yana karɓar irin wannan, a ware ta daban da lissafinta, za a ƙara samun kaya. Amma zakkar fidda kai a mazhabarmu abinci ce, sa'i ɗaya a kan kowane mutum. Kada a juya ta zuwa kuɗin yadi.

Akanta:
Malam, Allah ya gafarta, duk na ji. Amma ba a amsa ainihin tambayar ba. Yara 40 fa za su tashi ba komai. Wane mutunci aka kare wa yaron da yake kallon maƙwabcinsa maraya ɗan'uwansa da sabuwar riga, shi ko hula bai samu ba? In za a zaɓi sabo, sai a nuna mana da lissafi yadda zai game 120 ɗin.

Ɗan Kwari:
Tambayarka a kan hanya take Malam Akanta, kuma amsarta tana cikin awo. Abin da yake cinye kuɗin kwamitoci shi ne lissafin turmi ɗaya kan kowace yarinya, yadi biyar na shadda kan kowane yaro, kamar manya za a ɗinka wa.

Turmin atamfa yadi shida ne. Yarinya 'yar shekara bakwai zuwa ƙasa yadi biyu ya ishe ta doguwar riga da ɗan kallabi, ke nan turmi ɗaya yara uku. 'Yar takwas zuwa sha biyu yadi uku. Budurwa kaɗai ce za ta cinye turmi, riga da zani da ɗankwali. In 'yan mata 60 ne, a ce ƙanana 20, matsakaita 25, manya 15, yadi 205 ke nan, wato kusan turmi 35, ba 60 ba.

Ga maza, a bar maganar shadda mai tsada, a sayi yadi mai faɗin inci 58 zuwa 60. Ƙaramin yaro yadi biyu, matsakaici uku, saurayi huɗu. A irin wancan rabo yadi 175 ne. A ƙara kashi ɗaya cikin goma saboda ɓarnar yanka da sunayen da za su ɓullo daga baya, don sai sun ɓullo.

Na biyu lokaci. A Kantin Kwari da zarar azumi ya raba tsakiya kasuwa ta cika, masu sari daga Nijar da Chadi da Kamaru sun kwashe zane masu kyau, farashi ya hau. Wanda ya sara a Rajab ko farkon Sha'aban ya fi samun sauƙi da zaɓi. Da waɗannan biyun kawai giɓin yara 40 yakan ragu sosai, in ma bai rufe ba.

Akanta:
Madalla, wannan shi ne lissafi. To ingancin fa? Mai araha ai shi ake yi wa algus.

Ɗan Kwari:
Gwaji uku ne, kuma duk a bakin shago ake yinsu kafin a biya. Na farko a auna. Yadi inci 36 ne, a warware turmi biyu ko uku daga tsakiyar tulin a sa tef, don akwai masu zuwa da yadi biyar da rabi a sunan shida. Na biyu a yanki ɗan ƙyalle a jiƙa da ruwan omo a murza a kan farin tsumma. In ya bar launi, zai zuba a wankin farko ya ɓata sauran kayan gidan. A wannan wankin ne kuma za a ga ko kaurin yadin na gaske ne ko sitaci ne aka ɗura masa. Na uku a kunna wa zaren bakin ƙyallen ashana. Auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take ta dunƙule ta yi tauri.

Wannan na ukun ba kwalliya ba ne. Ƙaramar sallah yanzu wajajen Maris take faɗowa, daidai shigowar zafi, roba zalla tana dafa jiki. Mafi muni, yarinyar da take hura murhu ko take tsaye kusa da kaskon tuya, in wuta ta lashi atamfar roba narkewa take ta manne da fata. Ga yara mata a nemi wadda audugarta ta fi yawa ko da zanen bai kai kyau ba.

Hajiya Uwar Marayu:
Sannunku da ƙoƙari. Ni abin da zan ja hankali a kai ya fi duk wannan muhimmanci a wurina, kuma shi ne kuskuren da aka fi yi da kyakkyawar niyya: anko. Kwamiti ya sayi zane iri ɗaya saboda sari ya fi sauƙi, a ɗinka wa duk marayun unguwa. Ranar sallah a filin idi duk wanda ya ga wannan atamfar ya san mai ita ba ta da uba. Yara kuma ba sa ɓoye magana, kafin la'asar an raɗa wa zanen suna. Akwai 'yan matan da daga ranar ba sa sake sawa, su gwammace tsohuwar rigarsu. An kashe kuɗi, an sayi sabo, amma an buga wa yarinya tambari.

Manufar sabon kaya ita ce yaro ya saje da sa'o'insa a yawon sallah, ba wanda zai iya nuna shi da yatsa. Duk abin da ya warware wannan, ya warware aikin gaba ɗaya.

Gyaran ba ya ƙara ko kwabo. A sayi zane aƙalla iri goma, mazan ma launi shida ko bakwai. Turmin da za a yanka wa yara uku, ko dai a ba 'yan gida ɗaya, don anko tsakanin ya da ƙanwa al'ada ce ba mai kallo, ko kuma a watsa shi layuka masu nisa da juna. Kuma a kawo ƙyallayen samfuri lokacin awo, yarinya ta nuna wanda take so. Yarinyar da ta zaɓa da kanta, kayanta ne.

Ɗan Kwari:
Hajiya ta yi daidai, kuma 'yan kasuwa suna haɗa launuka a farashin sari in aka faɗa tun farko. Ba sai an ɗauki iri ɗaya ba.

Oga Tela:
Bari in shigo ta ɓangaren keke, don a nan ne yawancin alkawari yake karyewa.

Kada a ba tela suna da shekaru kawai. Yaran da suka taso cikin rashi sau da yawa jikinsu bai kai shekarunsu ba, wani ɗan sha biyu awonsa na ɗan tara ne. Sai an auna. Namiji: tsawon riga, kafaɗa, hannu, ƙirji, wuya, tsawon wando, ƙugu, cinya. Mace: tsawo, kafaɗa, ƙirji, ƙugu, hannu. Mace ce za ta auna yara mata, a cikin gida, ba a ƙofar masallaci ba. A rubuta awon a kati mai lamba, a maƙala lambar a jikin yadin da aka yanka, sunan yaro ya zauna a littafin kwamiti. Da haka shagon tela ba zai zama wurin karanta sunayen marayu ba, kuma kaya ba sa cakuɗewa.

Tunda ƙila wannan ne ɗinkin da yaro zai samu har shekara ta zagayo, a ɗinka shi da tunanin girma. A bar kalmasa inci biyu zuwa uku a ƙasan riga da ƙafar wando, a bar inci ɗaya a gefe, don a saki daga baya. Wando a yi masa mazagi maimakon roba, roba tana saki da wanki da rana. Zif mai araha shi ne farkon abin da yake mutuwa a rigar yarinya, gara maɓalli ko wuyan da kai zai shige. A bi bakin yadi da injin wibin kada ya zare. A yi wa yaro aljihu, yana buƙatar inda zai sa barka da sallah.

Aiki a wuya da hannu shi yake cin kuɗi da kwanaki. A bar shi, ko a yi ɗan siriri da keke.

Lissafin lokaci kuma: tela ɗaya da yaron shagonsa, ɗinki mara aiki, a ƙaddara masa kaya huɗu a rana. Kaya 120 ke nan kwana 30 a hannun mutum ɗaya, in wuta ba ta yi gardama ba. A raba wa teloli biyar ko shida, kada wani ya karɓi fiye da 25. A kai yadi cikin Sha'aban, a sa ranar karɓa goma ga azumi. Duk ɗinkin da ya kai goman ƙarshe zai yi gogayya da na masu biyan kuɗin gaggawa, kuma kowa ya san wanda za a ajiye gefe. A biya rabi kafin alƙalami, ciko sai an ƙirga kaya an duba.

Sakataren Kwamiti:
Oga, wasu telolin sukan ce za su ɗinka fisabilillahi. A karɓa?

Oga Tela:
A karɓa da godiya, amma kaɗan-kaɗan, kaya uku zuwa biyar kowane mutum, kuma da ranar karɓa kamar kowa. Azumi shi ne kakar tela, a nan yake samun na shekara. In ka jibga masa ashirin kyauta, niyyarsa mai kyau ce amma cikinsa da iyalinsa za su rinjaye ta, sai jajiberin sallah a zo a tarar da yadi a ninke yadda aka kawo shi. Gara a biya shi ko da ragi. Akwai kuma zawarawa da matan aure masu keke a cikin gida. In aka gwada hannunsu da kaya ɗaya ya yi kyau, a ba su ɗinkin yara mata a biya su cikakke. Kuɗin sadakar ya yi aiki sau biyu.

Akanta:
Ni fa har yanzu ina ganin duk wannan wahalar za a iya yanke ta. A ba uwar yaro kuɗin a hannu. Ta fi kowa sanin girman ɗanta da abin da yake so da telan da take yarda da shi. Mu zaɓa mata zane mu zaɓa mata tela, ba wannan ne rainin ba?

Hajiya Uwar Marayu:
Ɗana Akanta, maganarka tana da ƙarfi, kuma inda uwar ce take riƙe da 'ya'yanta kuma akwai abinci a gidan, na yarda da kai. Amma kuɗin da ya shiga gidan da ba hatsi a cikin azumi ba ya zama riga, kuma ba wanda zai zarge ta. Sannan marayu da yawa ba a hannun uwa suke ba, suna wurin baffa ko kaka ko matar uba, kuɗin yakan bi ta wata hanya. Tsaka-tsakin shi ne kati: kwamiti ya yi yarjejeniya da shago ɗaya ko biyu da teloli, uwa ta je da katinta ta zaɓa cikin abin da aka ware, kamar kowace mai saye.

Abin da bai kamata a yi ba sam shi ne miƙa yadi ba kuɗin ɗinki. A ƙarshen azumi kuɗin ɗinkin yaro yakan yi kusa da kuɗin yadin. Yadin zai kwana a akwati ko ya tafi wurin dillaliya a rabin kuɗinsa.

'Yar Yerwa:
Ku duka biyu kuna da gaskiya, Hajiya. Ƙa'idar da aikin sansanonin 'yan gudun hijira ya koyar ita ce mai jin yunwa yana sayar da duk abin da aka ba shi wanda ba ya ciyuwa, kuma a kan asara. Don haka kaya su tafi tare da abinci ko su biyo bayansa, kada su riga shi.

Amma a bambanta sallah da annoba. Lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024 ruwa ya shiga Maiduguri, mutane sun fito da kayan jikinsu kawai. A irin wannan hali zanin da ba a ɗinka ba shi ne kan gaba. Yadi biyu na atamfa ba ya buƙatar awo: ɗaurawa ne, majanyin goyo ne, shimfiɗa ne, labule ne a ajin makarantar da aka tara maza da mata. Turmi ɗaya mata uku. A ƙara hijabi da silifa. Abin da yake zama matsala a irin wannan lokaci shi ne buhunan tsofaffin tufafi da aka cusa ba a wanke ba, ba a ware na maza da na mata da na yara ba. Sai an cire ma'aikata daga rabon abinci an sa su tsinta, a ƙarshe a zube tuli a fili mata su yi wawa a gaban jama'a. Duk mai aiko da kaya ya wanke, ya ninke, ya ware, ya rubuta a jikin buhu.

Akwai kuma abin da ba mai tambaya saboda kunya. Jakar da hukumar UNFPA ta Majalisar Ɗinkin Duniya take raba wa mata a irin waɗannan wurare galibi tana ɗauke da audugar mata da ɗan kamfai da sabulu da tocila. Kwamitocin unguwa su ɗauki darasi: ana ɗinka wa budurwa atamfa a manta ba ta da abin sawa a ciki.

Malamar Asibiti:
Wannan shi ne wurin da ba a sassauci, Anti. Kayan ciki dole sabo, ba gwanjo ba kwance. Ɗan kamfai na auduga aƙalla uku ga kowane yaro, don a wanke ɗaya a sa ɗaya. Singileti biyu ga namiji. Shimi ga yarinya, wadda ta fara girma kuma rigar mama daidai jikinta da audugar mata. Mace ce za ta tambayi girman a keɓe, a naɗe su a cikin tsakiyar kayan yadda ba za a gani ba in an buɗe leda.

Ga masu kai kaya tsangaya ko gidan marayu, a duba fatar yaran tukuna. Ƙazwa tana bin cuɗanya da tufafi da shimfiɗa. In aka sa sabuwar riga a jikin da ba a yi wa magani ba, aka koma kan tabarmar jiya, ba a yi komai ba. A yi wa duk masu kwana wuri ɗaya magani a rana ɗaya bisa umarnin ma'aikacin lafiya, tsofaffin kayan a wanke da ruwan zafi a shanya a rana, waɗanda ba sa wankuwa a ƙulle su a leda aƙalla kwana uku, in an kai mako ya fi. Sannan a fito da sabo. Makero kuma yana bin aron hula da askar wanzami, don haka kowane yaro da hularsa. A haɗa da sabulun wanki ko da sanda ɗaya ce; farar riga a hannun almajirin da ba shi da sabulu kwana biyu ce.

Wasu da ake mantawa su ne matan da ake yi wa aikin yoyon fitsari, irin waɗanda suke zuwa cibiyar Babbar Ruga a Katsina. Lalurar tana cinye zannuwa, kuma da yawansu sun daɗe a ware. Mace ta koma garinsu da sabon zani bayan ta warke yana cikin abin da yake mayar da ita cikin mutane.

Oga Tela:
Tunda an ambaci hula, a auna zagayen kai da tef, da inci ake sayar da ita. Manya galibi 22 zuwa 23, yara ƙasa da haka. Takalmi kuma kada a yi kirdado. Yaro ya taka kwali a zagaye ƙafarsa da biro, a rubuta lambar katinsa a kai, a ƙara faɗin yatsa ɗaya a gaba. Da kwalayen za a shiga kasuwa. A roƙi mai shago tun farko cewa za a dawo da canji.

Akanta:
Saura magana ɗaya mai zafi: hoto. Masu bayar da kuɗi, musamman na nesa, suna son gani da ido. In ba hoto a Facebook sai a ce kwamiti ya cinye, baɗi kuma ba mai bayarwa.

Malam Mai Darasu:
Neman shaida haƙƙin mai bayarwa ne, amma ba da fuskar maraya za a biya shi ba. Aya ta 264 a Baƙara ta yi gargaɗi kada a ɓata sadaka da gori da cutarwa, ta 271 kuma ta ce ɓoye ta a kai wa mabuƙata ya fi alheri. A jera yara a rana, kowa ya ɗaga leda, a sa su yi wa Alhaji addu'a da ƙarfi ana ɗauka, wannan cutarwa ce ko da ba a yi nufi ba. Hoton da ya hau intanet ba ya sauka. Yarinyar nan za ta girma, za a zo neman aurenta, hoton yana nan.

'Yar Yerwa:
Kuma ana iya gamsar da mai bayarwa ba tare da shi ba, Malam Akanta. A ɗauki hoton rasit na yadi da na ɗinki. A ɗauki hoton kayan a jere da lambobinsu kafin a naɗe. A yi rajistar karɓa, uwa ko mai riƙo ta sa hannu ko ta dangwala, littafin ya zauna wurin mutum biyu ko uku amintattu. Bayan sallah wani da ba ya cikin masu rabo, a ce limami ko wata dattijuwa, ya zaɓi gida ɗaya cikin goma ya tabbatar kaya sun isa. Wannan ya fi hoto ƙarfi, don hoto ba ya nuna ko an karɓe ledar bayan an kashe kyamara.

Hajiya Uwar Marayu:
Rabon ma kada a yi taro. Ba rumfa, ba lasifika, ba leda mai sunan ƙungiya ko fuskar ɗan takara. A goge kaya a ninke, a sa a leda irin ta shagon tela, mata biyu su kai gida bayan sallar asham, wajen ashirin ga azumi, don in ya matse ko ya yi yawa a sami kwanakin gyara. A miƙa wa uwa ko mai riƙo, ita za ta ba yaron da hannunta. Ba dole ne yaro ya san daga kwamiti ya fito ba.

Sannan a lura da gidan gaba ɗaya. In maraya yana hannun baffansa, shi ma baffan talaka ne mai yara huɗu, aka kawo wa ɗaya sabon kaya sauran suna kallo, an jefa yaron cikin tsangwama, wani lokacin ma kayan su koma jikin wani. Lokacin rajista a ƙirga duk yaran da suke ci a tukunya ɗaya. In kuɗi bai kai ba, ko hula da silifa ne a haɗa da su. Uwar marayun kuma, musamman wadda ta fita takaba bayan wata huɗu da kwana goma, ita ce ta ƙarshe da za ta saya wa kanta. In an sami ragi, turmi ɗaya da kuɗin ɗinki nata ne.

Sakataren Kwamiti:
To in duk da haka kuɗin bai game ba, me za a fara ragewa?

Ɗan Kwari:
A rage kayan, kada a rage kawuna. Aikin wuya ya fara tafiya. Sai takalmi ya koma silifa. Sai 'yan mata manya a yi musu doguwar riga ta yadi huɗu maimakon turmi, ragowar yadi biyun ya ɗinka wa ƙaramar yarinya. Kayan ciki da kuɗin ɗinki su ne ba a taɓawa.

Oga Tela:
A kuma roƙi teloli su dawo da ƙyallen da ya rage. Daga ragowar turmi 35 ana fitar da kallabi da rigunan jarirai masu yawa. Malam Sakatare, in za ku bi wannan tsari, awo ya kamata ya kammala kafin goma ga Sha'aban, don haka rajistar gidaje ce aikin wannan makon.